Alƙalai tara a Washington, ashirin da ɗaya a Abuja: wa ya fi wani iko?

Ranar Juma'a 12 ga Janairu, 2024, ina zaune a teburin mai shayinmu da ke kan titin Bauchi a nan Jos, kowa ya rungume kofinsa saboda sanyi. Mai shayin ya rataye rediyo a jikin ƙusar da yake rataye ledar burodi, ya ƙure murya. A ranar ce Kotun Ƙoli ke yanke hukunci kan kujerun gwamnoni da dama, ciki har da na Kano da namu na Filato. Da aka ce an tabbatar da Abba Kabir Yusuf, wasu suka yi kabbara, wasu suka sunkuyar da kai. Can kuma aka ce an mayar wa Caleb Mutfwang kujerar da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙwace masa a watan Nuwamba. Wani dattijo da ke gefena ya ajiye kofi ya ce, "Wato mu mun yini a rana muna layi, amma maganar mutum biyar ce ta ƙarshe." Sai wani matashi direban keke ya juyo wajena ya ce, "Malam, don Allah a Amurka ma haka ake yi? Alƙalai ne ke faɗin wanda zai yi gwamna?"

Amsar da na ba shi a lokacin gajeriya ce, kuma ba ta gamsar da ni ba. Tun daga ranar tambayar take cina, domin tsarin shugaban ƙasa da muke bi tun 1979 daga Amurka muka kwaikwayo shi, amma kotunan biyu sun yi hannun riga ta wata fuska da mutane ba su cika lura da ita ba.

Idan takarda za a bi, tamu ce ke gaba. Kundin tsarin mulkin Amurka bai faɗa ɓaro-ɓaro cewa kotu na da ikon soke dokar da majalisa ta yi ba. Kotun ce ta ba kanta wannan iko a 1803, lokacin da Alƙalin Alƙalai John Marshall ya yanke hukunci a shari'ar Marbury da Madison, ya ce aikin kotu ne ta faɗi abin da doka take nufi, kuma duk dokar da ta ci karo da kundi ba doka ba ce. Mu kuwa ba mu buƙaci wani Marshall ba. Sashe na 1 na kundin 1999 ya rubuta shi ƙarara: duk dokar da ta saɓa wa kundin, ta ɓaci gwargwadon saɓawarta. Sashe na 235 ya ƙara da cewa daga hukuncin Kotun Ƙoli babu wani wurin zuwa. Haka abin yake tun 1963, shekarar da muka daina kai ƙara gaban majalisar masu ba Sarauniya shawara a Landan.

Akwai kuma faɗin hurumi. A Amurka kowace jiha daga cikin 50 tana da tata babbar kotun, kuma a kan dokar jihar, maganar wannan kotu ce ta ƙarshe. Rikicin gona, rabon gado, sakin aure, bashin kasuwa, kusan duk a jiha suke mutuwa. Sai in akwai batun kundin tarayya ko dokar tarayya a ciki ne za a iya ƙwanƙwasa ƙofar Washington. A nan kuwa duk ƙoramu kogi ɗaya suke zuba. Shari'ar da aka fara a ƙaramar kotu za ta iya hawa zuwa babbar kotun jiha ko Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, daga nan ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, daga nan sai Abuja. Shi ya sa ma sashe na 288 ya ce a riƙa la'akari da sanya masana shari'ar Musulunci da masana dokokin gargajiya cikin alƙalan kotun, abin da takwararta ta Amurka ba ta da buƙatarsa.

Na ga ma'anar wannan da idona. Wani kawuna ya yi shekaru yana shari'ar wani gida da mahaifinsu ya bari a Gangare. Takardun shari'ar a cikin tsohuwar jakar Makka yake ajiye su, an ɗaure da roba, gefensu duk ya yi ja saboda yawan buɗawa. Ya ci a kotun farko, ya ci a ta biyu. Ranar da ya ci a ta biyun, abokin shari'arsa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce masa, "Alhaji, kada ka yi murna, sai mun je Abuja." Ba don yana sa ran nasara ya faɗi haka ba. Ya san muddin ƙarar tana rataye, shi zai ci gaba da karɓar kuɗin haya. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan hanya ba ta da ƙarshe ne?" Ƙofar da aka buɗe don kare mai gaskiya, ita ce mai neman ɓata lokaci ke bi.

A nan ne na fara gane inda gizo ke saƙar. Babban ikon da kotun Amurka ke da shi wanda tamu ba ta da shi, shi ne ikon cewa "ba za mu saurara ba". Tun daga dokar 1925, alƙalan can su ne ke zaɓen mafi yawan ƙararrakin da za su duba. Dubban buƙatu ke zuwa musu duk shekara, amma waɗanda suke zama su saurara ba sa wuce sittin zuwa saba'in a 'yan shekarun nan. Sai alƙalai huɗu cikin tara sun yarda kafin a ɗauki ƙara, sauran kuwa a mayar da su da layi ɗaya, ba tare da bayanin dalili ba. Kuma duk shari'ar da suka ɗauka, su taran ne ke zama a kanta gaba ɗaya. Don haka idan sun yi magana, kotun ce gaba ɗayanta ta yi.

Tamu ba ta da wannan sararin. Sashe na 233 ya lissafa ƙararrakin da dole ta karɓa, ciki har da duk wanda dalilinsa ya tsaya kan batun doka zalla, kuma babu lauyan da zai kasa juya ƙorafinsa ya zama batun doka. Saboda yawan aiki, alƙalan suna rarrabuwa biyar-biyar, sai a manyan batutuwa irin su fassarar kundi ko rikici tsakanin tarayya da jihohi sannan su zama bakwai. Illar wannan a fili take: wannan zaman ya faɗi abu, wani zaman ya faɗi wani abu mai kama da kishiyarsa, lauyoyi su riƙa zaɓen wanda ya yi musu daɗi. A watan Oktoban 2023, lokacin da mai shari'a Musa Dattijo Muhammad ya yi ritaya, alƙalai 10 kacal suka rage a kotun da ke ɗauke da shari'ar mutum sama da miliyan 200. Sai a Fabrairun 2024 aka rantsar da sababbi 11, suka zama 21.

Yanzu ga tambayar direban keke. A kan zaɓe, babu shakka kotunmu ta fi ta Amurka shiga ciki tsundum, kuma wannan tsohon abu ne. A 1979 doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shehu Shagari ya samu a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya kwashe ƙuri'u, ya tsaya a kashi 19.94. Obafemi Awolowo ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 13. Kotun ta karɓi lissafin cewa 12 ne da kashi biyu cikin uku na jiha ta goma sha uku, wanda hakan ya sa ƙuri'un Shagari na Kano suka wadatar. Mai shari'a Kayode Eso ya ƙi yarda da 'yan uwansa. An yanke hukuncin ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar sojoji su miƙa mulki.

Daga 1999 zuwa yau abin ya ƙara faɗi. A Oktoban 2007 kotun ta naɗa Rotimi Amaechi gwamnan Ribas alhali bai yi yaƙin neman zaɓe a matsayin ɗan takara ba, bisa hujjar cewa jam'iyya aka zaɓa, kuma shi ne halastaccen wanda ya ci zaɓen fid da gwani. A 24 ga Mayun 2019 ta ce duk ƙuri'un da APC ta samu a Zamfara asara ce saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, Bello Matawalle na PDP ya wayi gari gwamna. A 14 ga Janairun 2020 ta cire Emeka Ihedioha a Imo ta ɗora Hope Uzodinma, wanda hukumar zaɓe ta ce shi ya zo na huɗu, bayan ta karɓi sakamakon rumfuna 388 da aka ce an ƙi lissafawa. Wata ɗaya bayan haka ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi, saboda matsalar takardun mataimakinsa. Kowanne daga cikin waɗannan hukunce-hukunce yana da hujjarsa ta doka, wasu masu ƙarfi, wasu masu rauni. Amma idan ka tara su, abin da talaka ke gani shi ne, akwai zaɓe na biyu da ake yi a Abuja, kuma shi ba shi da ƙuri'a a cikinsa.

A Amurka rikicin kujerar gwamna aikin kotunan jiha ne, rikicin kujerar ɗan majalisar tarayya kuma majalisar ce da kanta ke da maganar ƙarshe a kansa. Fitaccen lokacin da Kotun Ƙolinsu ta raba gardamar zaɓen shugaban ƙasa shi ne 12 ga Disamba, 2000, inda da rinjayen biyar da huɗu ta tsayar da sake ƙidayar ƙuri'u a Florida, George Bush ya wuce da tazarar ƙuri'a 537 a jihar. Har yau ana yi mata gori a kan wannan, kuma su kansu alƙalan sun rubuta cewa hukuncin ya taƙaita ne ga yanayin da ke gabansu. A Disambar 2020, da jihar Texas ta nemi a soke sakamakon jihohi huɗu da Joe Biden ya ci, kotun ta kore ta da 'yan layuka, ta ce jihar ba ta da hurumin kawo ƙarar.

Sai dai a yi wa tamu adalci. Ba ita ta gayyato 'yan siyasa ba, kundi ne ya turo mata su, kuma gyaran 2010 ne ya ƙara mata shari'o'in gwamnoni waɗanda a da suke ƙarewa a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sashe na 285 ya ɗaure ta da wa'adi: kwana 60 ta gama ƙarar zaɓe. Wannan yana nufin duk bayan zaɓe, fayil ɗin irin su kawuna zai koma ƙasa, na masu kujera ya hau sama. Kuma duk da wannan ƙarfin hali a kan gwamnoni, ba ta taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa ba. Mafi kusa shi ne Disambar 2008, lokacin da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tsira da huɗu da uku a ƙarar Muhammadu Buhari. George Oguntade, Aloma Mukhtar da Walter Onnoghen su ne suka ce a soke.

Mu mutanen Filato mun ɗanɗani wani ɓangare na wannan tsari da ya fi kowanne ciwo. Hujjar da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta cire gwamna da ita, wato cewa PDP ba ta da sahihin shugabanci a jihar, da ita ta cire sanatoci da 'yan majalisar wakilai da 'yan majalisar jiha 16. Kotun Ƙoli ta ce wannan hujja kuskure ce, batu ne na cikin gidan jam'iyya da ba a kawo shi bayan zaɓe. Gwamna ya koma kujerarsa. 'Yan majalisa kuwa ba su da hanyar zuwa Abuja, domin sashe na 246 ya ce shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Hujja ɗaya, jam'iyya ɗaya, zaɓe ɗaya, amma sakamako biyu. Ko wace jam'iyya mutum yake yi, wannan abu ne da ya kamata ya hana shi barci.

To idan kotun Amurka ba ta naɗa gwamnoni, ina ikonta yake? Yana wajen tsara yadda mutum miliyan 330 da ɗoriya za su rayu. A 1954 ta ce raba makarantun farare da baƙaƙe ya saɓa wa kundi. A 1973 ta ce zubar da ciki haƙƙi ne da kundi ya kare, a 24 ga Yunin 2022 ta janye wannan magana ta mayar wa jihohi. A 2010 ta buɗe wa kamfanoni ƙofar zuba kuɗi a tallan siyasa. A 1 ga Yulin 2024 ta ce tsohon shugaban ƙasa na da kariya daga tuhuma kan ayyukan ofis. Kuma idan ta fassara kundi, in ba ita ce ta sauya magana da kanta ba, warware fassarar sai da gyaran kundin da jihohi 38 cikin 50 suka amince da shi, kuma sau 27 kacal aka gyara kundin a fiye da shekara 230. Tamu tana faɗin wanda zai zauna a kujera na shekara huɗu. Tasu tana kafa ƙa'idar da za ta daɗe fiye da shugabanni biyar.

Abin da ke ba su wannan dogon hannu shi ne zama har mutuwa. Clarence Thomas yana kotun tun 1991. John Roberts yana shugabancinta tun 2005, kuma a tsawon wannan lokaci mu mun ga Alƙalin Alƙalai 11, daga Muhammadu Lawal Uwais zuwa Kudirat Kekere-Ekun. Salihu Alfa Belgore watanni bakwai ya yi. Dalili shi ne alƙalanmu kan iso kotun ne bayan sun tsufa a ƙananan kotuna, dole kuma su sauka a shekara 70, sannan shugabanci bin girma ake yi. Wanda zai yi shekara ɗaya ko biyu, yaushe zai gyara gida?

Amma ba na sha'awar tsarinsu ta wannan fuska, ko kaɗan. Tunda shugaban ƙasa ne ke zaɓo wanda ya ga dama, majalisar dattawa ta tabbatar, kujerar alƙali ta zama ganimar jam'iyya. A 2016 dattawan Republican sun ƙi ko sauraron Merrick Garland da Barack Obama ya miƙa, suka ce shekarar zaɓe ce. A Oktoban 2020 su ɗin dai suka tabbatar da Amy Coney Barrett saura kwana takwas zaɓe. Donald Trump ya naɗa uku a zangonsa na farko, Jimmy Carter bai samu ko ɗaya ba a shekara huɗu. Makomar doka ta rataya ga ranar da wani tsoho zai cika. A ƙasa irin tamu, inda kowane naɗi sai an duba addini da yanki, ka ba shugaba ɗaya damar cika kotu da mutanensa na shekara talatin, wuta ka kunna. Tsarinmu da ya sa majalisar kula da harkokin shari'a ta NJC ce ke miƙa suna ya fi aminci, duk da cewa shi ma yana da cutarsa: Alƙalin Alƙalai ne shugaban majalisar, kuma shi ke naɗa mafi yawan mambobinta. Kariyar ma ba cikakkiya ba ce. A 25 ga Janairun 2019, ana saura makonni zaɓe, Shugaba Buhari ya dakatar da Onnoghen bisa umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata. A Amurka ba a taɓa tsige alƙalin Kotun Ƙoli ba. Samuel Chase da aka gwada a kansa, majalisar dattawa ta wanke shi a 1805.

Saura batun da ya fi duka nauyi, wato biyayya. Kotu ba ta da soja, ba ta da baitulmali. A 1970, da Kotun Ƙolinmu ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi cewa gwamnatin soja ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum da doka ba tare da shari'a ba, gwamnatin Gowon ta fito da doka mai lamba 28 ta shafe hukuncin cikin 'yan makonni. Wannan tabon bai gama warkewa ba. Duk wanda ke Jos a Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, yana tuna layin da ke bakin bankuna tun asuba, da masu POS da ke sayar maka da kuɗinka, da matan da ke kasa tumatir a Terminus suna kallon kayansu na ruɓewa. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara. A 8 ga Fabrairu kotun ta ba da umarnin a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. A 16 ga wata shugaban ƙasa ya fito ya ce 200 kaɗai ya amince da ita. A 3 ga Maris kotun ta yanke cikakken hukunci, ta ce 200 da 500 da 1000 su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Duk da haka sai da aka ƙara kwana goma kafin Babban Banki ya sanar da bin umarnin. A cikin kwanakin nan goma, na miƙa wa mai nama tsohuwar dubu ɗaya, ya mayar mini ya ce, "Yallaɓai, kotu ta faɗa, amma banki bai faɗa ba."

Su ma can ba kullum ake yi musu biyayya ba. Shekara goma bayan hukuncin 1954, mafi yawan yaran baƙaƙe a kudancin ƙasar suna nan a makarantunsu na dabam. Bambancin shi ne a wasu muhimman lokuta masu mulki sun tsaya wa kotu. A 1957 Shugaba Eisenhower ya tura sojoji garin Little Rock su raka ɗalibai baƙaƙe tara zuwa aji, bayan gwamnan jihar ya tare ƙofa. A Yulin 1974 kotun ta umarci Richard Nixon ya miƙa kaset-kaset ɗin hirarrakinsa. Ya miƙa, kuma cikin kwana 16 ya bar mulki.

Ban ce tamu ba ta taɓa kafa ƙa'ida ba. A 11 ga Yulin 2024 ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya ɗora kantomomi. Ta yi haka ne duk da cewa sashe na 162 ya ambaci asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ta fifita manufar kundi a kan zahirin lafazinsa. Irin wannan aiki shi ne ya dace da babbar kotu. Sai dai an shafe watanni bayan hukuncin ana kai-komo kan yadda za a aiwatar, gwamnoni na neman ƙofar baya.

Da za a nemi shawarata, abu uku zan ce a taɓa. A ba kotun ikon tantance abin da za ta saurara, shari'ar gida da gona da gado ta ƙare a matakin da ke kusa da masu ita, don mai gaskiya ya ci moriyar hukuncinsa yana raye. A rage mata shari'o'in cikin gidan jam'iyyu, kuma inda aka ga zaɓe ya ɓaci, a mayar wa jama'a su sake, maimakon a miƙa kujera ga wanda ba su zaɓa ba. Sannan a toshe ramin da ya haɗiye 'yan majalisar Filato, ta yadda idan Kotun Ƙoli ta bayyana wata hujja a matsayin kuskure, waɗanda aka cire da ita su sami hanyar neman gyara. Mafi yawan wannan gyara sai an taɓa kundi, wato sai kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu sun yarda, majalisun jihohi 24 sun sa hannu. Majalisar dokokinmu da ke nan Jos tana cikin waɗanda za a tambaya.